Sa'adiya da Sifilin da Ya Ɓace

Halimatu Sa'adiya 'yar baffana ce. Gida ɗaya muka tashi a Sharaɗa, a unguwar da ke bayan layin kamfanoni, inda ko ba ka da agogo jiniyar canjin aiki za ta gaya maka rana ta yi. Ta girme ni, don haka Yaya Sa'a nake ce mata. 'Yan layinmu sun san ta da saurin tafiya, kai a ƙasa, jaka a kafaɗa ɗaya har kafaɗar ta ɗan karkace. Tun muna yara ita ce mai tambayar da ke ƙular da manya: me ya sa ruwan kwatar bayan gida jiya ja ne, yau kuma baƙi?

Ta karanta ilimin sinadaran jiki a jami'a. Bayan bautar ƙasa ta zauna a gida har aka fara yi mata kallon tausayi, sannan ta samu aikin sito a wani kamfanin roba a Bompai, tsakanin bokitai da kujeru. Daga can ta dawo kusa da gida, ɗakin gwaje-gwajen wani kamfanin man girki a nan Sharaɗa. Aikinta ta ɗebi mai daga kowace tanka, ta auna tsaminsa da launinsa da ruwan da ke ciki, ta shigar a kwamfuta. Da wannan aikin take riƙe da karatun digiri na biyu, wanda take zuwa Juma'a da Asabar.

Mahaifinta, Baffa Inuwa, yayan babana ne. A kamfanin jima yake aiki a Challawa tun kafin a haife ta, a ɓangaren ruwa, wajen manyan gangunan da ake juya fata a cikinsu da sinadarin kurom har ta fito shuɗiya. Shi da abokan aikinsa ke ciro ta, su jera, su matse. Ana ba su safar hannu, amma ruwan yakan bi ta wuyan safar ya shiga ya zauna. Tsakanin yatsunsa akwai ƙananan gyambuna masu zurfi da ba sa warkewa. Wannan ya kame, wancan ya buɗe. Shi kaɗai ne a gidanmu ke cin tuwo da cokali, saboda yajin miya. Ga tarin da ya kama shi 'yan shekarun nan, wanda matarsa, Inna Uwani, take jiyowa tun daga zaure ta san ya dawo.

Kusan kullum sai sun yi a kan aikin nan.

"Malam, kana can kana gyara fatar awaki, taka tana lalacewa," in ji Inna Uwani wata rana tana miƙa masa ruwa.

"Wa ya ce aikin ne?" in ji shi. "A asibiti sun ce ƙaiƙayi ne, sun ba ni man shafawa. Mai kemis ya ce jini ne. Ɗayyabu da muke tsayawa ganga ɗaya ya ce sanyin ruwa ne. Ke kuma kin ce aikin ne. Kowa da bakinsa. Ranar da aka nuna min a jikina, ba a baki ba, ranar zan ajiye takalmin robana in dawo in zauna miki a gida, mu ga wanda zai fara gajiya."

Mu dariya muka yi. Yaya Sa'a ba ta yi ba.

Malamin da ke duba aikinta yana da haɗin gwiwa da wani ɗakin bincike a ƙasar waje, masu na'urar da ke karanta ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya. Ta roƙa aka ba ta wannan ɓangaren ya zama aikin digirinta. Aka ɗebi jinin wasu ma'aikatan jima, har da Baffa da Ɗayyabu, aka ɗebi na wasu mazan da ba su taɓa shiga kamfanin jima ba, teloli da direbobi, aka aika. Damina ta wuce, aka yi girbi, sannan saƙo ya zo da adireshin intanet da za a sauke sakamako, tare da gargaɗin cewa ba zai daɗe a buɗe ba.

Wata Lahadi muna tsince wake ta yi min bayanin abin da ke cikin fayil ɗin, domin ni ba fannina ba ne.

"A cikin kowace ƙwayar jini akwai ƙwayoyin gado dubbai," ta ce. "Wasu suna aiki, wasu suna barci. Na'urar tana rubuta yawan aikin kowanne. To amma kunnenta ba shi da kyau. Mafi yawan wuraren sifili take rubutawa. Sifilin nan kuma ba ki san ko ƙwayar gadon barci take ba, ko kuwa na'urar ce ba ta ji ba."

"To ya ake yi?"

"Kin taɓa tsayawa a ɗakin inji ana magana? Rabi kike ji, rabi ki cike da kanki saboda kin san abin da aka saba faɗa. Akwai manhajar da ke yin haka. Tana duba ƙwayoyin da suka yi kama da juna, ta ce tunda maƙwabtan wannan sun nuna kaza, ita ma wataƙila kaza ce. Sai ta cike gurbin."

"Ƙiyasi ke nan."

"Ƙiyasi ne. Shi ya sa dole ki riƙe biyun: abin da aka auna da gaske, da abin da aka cike. Ki ajiye su gefe da gefe ki gwada."

Kwamfutarta ta cinya tsohuwa ce, tana iya buɗe fayil amma ba ta iya irin wannan lissafin, kuma wutar unguwarmu ba ta zama. Ta kamfani kuwa babba ce, janareta ba ya mutuwa, ga intanet. Ta nemi izinin oganta, ya ce ta yi, muddin aikin mai bai tsaya ba. Don haka a can ta sauke fayil ɗin. Ya fi ƙarfin ɗan filas ɗinta na kwafar fayil, sai ta bar shi a can da niyyar idan ta samu babbar ma'ajiya ta kwafa.

A ɗakin gwajin nasu akwai doka guda da kowa ya haddace. An taɓa samun wani ya buɗe tsohon sakamakon tanka ya ɗauka na ranar ne, aka loda man da bai kai ba, tirela ta je ta dawo. Tun daga nan aka ce kowace tanka fayil ɗaya, suna ɗaya. Sabon sakamako ya hau kan tsohon ya shafe shi. Idan kwamfuta ta tambaye ka ko ta ɗora a kan na da, ba ka ma karantawa, eh kake dannawa. Hannun kowa a ɗakin ya saba.

Ranar da ta kunna manhajar cike gurbi, aikin safe take. Lissafin ya ja, jiniya ta busa bai gama ba. Abdulbaqi, mai karɓar ta a aikin yamma, ya shigo yana saka farar rigarsa.

"Farfesa, yau kuma me kika ɗora mana? Injin nan nishi yake."

"Jinin babana ne a ciki, ka yi masa a hankali. Idan ya gama ka danna nan ya adana, sai ka rufe."

"An gama. Idan an ba ki kyautar Turawa ki tuna da wanda ya danna."

Washegari ta tarar ya gama, an adana, an rufe. Ta ari ma'ajiya wajen wata 'yar ajinsu ta kwafo fayil ɗin gida. A nan neman ya fara.

Fayil ɗin irin wannan aiki kamar durowa yake mai aljihuna. Akwai babban tebur na lambobi a gaba, sannan akwai wasu aljihunan a ciki da manhaja kan ajiye abin da ta lissafa, kowanne da sunansa. Yaya Sa'a ta ɗauka za ta ga sabon aljihu da sunan cike gurbi. Babu. Ta buɗe kowanne: wannan sunayen ƙwayoyin gado ne, wannan lambobin mutanen da aka ɗebi jininsu, wannan taswirar yadda ƙwayoyin suka taru. Ta koma kamfani ta binciki kowace folda, har kwandon shara na kwamfutar. Ta karanta littafin bayanin manhajar, ya ce sakamakon yana wuri kaza; ta je wurin, ba ma shi a irin tata, domin bayanin na wani tsohon zubi ne. Ta tambaya a zauren wasaf na 'yan ajinsu, wani ya turo mata bidiyon wata manhaja daban, wata ta ce Allah ya bayyana. Ta rubuta tambaya da Turanci a dandalin masu amfani da manhajar, ta goge, ta sake rubutawa don kada a ga kamar ba ta san komai ba. Kwanaki suka wuce ba wanda ya amsa.

Ina ganinta da yamma a bakin ƙofar ɗakinsu, kwamfuta a cinya, tana buɗe aljihun da ta riga ta buɗe jiya. Ba abin da zan iya yi mata ban da in matso da fitila ko in ce ta sha ruwa.

Da ta gaji da neman wanda aka cike, sai ta ce bari ta duba na asali kafin nan, wato babban teburin da ke gaba. Ba lambobin ta duba ba, hoto ta sa manhajar ta zana: ɗigo-ɗigo dubbai, kowane ɗigo ƙwayar jini ɗaya. Ta zaɓi wata ƙwayar gado da aka san tana tashi idan guba ta dami jiki, ta ce a shafa ja duk inda take aiki.

Ɓangaren teloli da direbobi ya fito fari-fari, da ɗan ja nan da can. Ɓangaren ma'aikatan jima ya fito ja wur, kamar an zubar da manja.

Ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba. "Aina'u, kalli. Wannan fa tun kafin a cike komai ne. Wannan shi ne ainihin abin da aka auna."

Bayan la'asar Baffa ya dawo, ya yi wanka, ya zauna a tabarma. Ta durƙusa gefensa ta juyo masa kwamfutar.

"Baba, kun ce a nuna muku."

Ya daɗe yana kallo. Ta yi masa bayani sau biyu. Ya kai yatsa kusa da gilashin amma bai taɓa ba.

"Wanne ne nawa a ciki?"

"Ba a sa suna, Baba, lamba ake sawa. Ni ma ban sani ba."

"To ai duk jan ne." Ya yi tari, ya jira ya lafa. "Na telolin kuma ga shi fes. Ikon Allah. Sa'adiya, kin tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

"Shi ke nan. Na yi magana a gaban mutane, ba zan janye ba. Gobe zan gaya wa foman, idan wata ya ƙare na gama."

Inna Uwani ta saki muciya ta shiga ɗaki, muka ji tana hamdala da kuka a haɗe. Kafin magariba an gama shiri: zai riƙa zama a shagon babana na kayan masarufi a bakin titi, ya kama masa awo. Babana ya ce ya daɗe yana neman wanda zai riƙa korar masa masu zaman banza a benci, ga shi Allah ya kawo mai tari. Gidan ya yi haske a makon nan. Baffa har ya fara yi wa Yaya Sa'a kirari da likitan gida.

Amsar tambayarta ta zo wata Lahadi da hantsi, daga wani mutum da ba mu san ƙasarsa ba. Gajeriya ce. Ya ce a wannan zubin na manhajar, idan ba ka ba ta sunan sabon aljihu ba, ba ta buɗe kowane aljihu. A kan babban teburin take zuba abin da ta cike. Ya ce ta duba lambobin da kansu. Idan na asali ne za ta ga sifili ko'ina. Ya ƙara da cewa ba matsala, ta koma kan fayil ɗinta na farko ta sake.

Muna ɗaki ni da ita, an kawo wuta. Ta buɗe teburin, ta matsa gefe.

"Zo ki duba min. Idona ya gaji. Kin ga sifili?"

Na duba. Lambobi ne ƙanana masu ɗigo a tsakiya, jere bayan jere.

"Ban gani ba, Yaya."

"Yi ƙasa."

Na yi ƙasa. Na yi gefe. Na ci gaba da ja har yatsana ya gaji. Can na ga guda ɗaya na nuna mata da murna, kamar wanda ya tsinci wani abu. Teburin da ya kamata ya zama kusan duk sifili ne ya cika maƙil. Abin da ta yi makonni tana nema a aljihuna, shi ne a gabanta tun ranar farko. Shi ta zana. Shi ta nuna wa Baffa.

Ta kira Abdulbaqi, ta sa a lasifika.

"Farfesa! Ranar hutu ma ba a barin talaka?"

"Abdulbaqi, ranar da ka adana min aikin nan, ya tambaye ka wani abu?"

"Ya tambaya mana. Wai in ɗora a kan tsohon. Na ce eh. Ba haka muke yi ba?"

"Haka muke yi."

"Sa'a, lafiya? Na ɓata wani abu ne?"

"Ba kai ba ne. Ni ce ban gaya maka ba. Sai gobe."

Ta kashe wayar. Na tambaye ta ko hakan na nufin jan ƙarya ne.

"Ban sani ba," ta ce. "Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma ƙwayoyi kaɗan ne suka nuna, a jinin mutum ɗaya ma, manhajar ta shafa wa maƙwabtansu, maƙwabtan su ma ta shafa wa nasu. Ƙwayoyin 'yan jima ai junansu ne maƙwabta, rana ɗaya aka ɗebi jininsu. Ba yadda zan raba wanda aka auna da wanda aka zata. An riga an gauraya."

Ta gwada adireshin da aka sauke fayil ɗin, ya rufe. Ta je wajen malaminta, ya dafe kai ya ce shi bai taɓa saukewa ba, kwamfutarsa ba za ta ɗauka ba, shi ya sa ya tura mata kai tsaye. Ya rubuta wa mutanen waje, ita ma ta rubuta. Amsa ta dawo daga na'ura cewa matar da ta yi aikin ta bar wurin. Suka rubuta wa wani adireshin, shiru. Jinin kuwa an riga an ƙarar da shi wajen gwaji, tallafin binciken ma ya ƙare. Abdulbaqi ya kawo wani mai gyaran kwamfuta ya gwada tono tsohon fayil ɗin, ya ce da gogewa aka yi da akwai dama, amma wannan ɗorawa aka yi a kansa, kuma tun daga ranar an yi ta zuba sakamakon mai. Abdulbaqi ya daina ce mata Farfesa. Ta ce wannan ya fi komai damun ta a wurin aiki.

Inna Uwani ce ta farko da Yaya Sa'a ta gaya wa. Muna madafa, ina yanka alayyahu.

Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni ban gane aljihu da tebur ba. Abu ɗaya zan tambaye ki. Aikin nan yana cin ubanki ko ba ya cin sa?"

"Ina jin yana ci, Inna."

"To me ya rage?"

"Ina ji ne. Ba abin da na nuna masa ke nan ba. Ce masa na yi na tabbata."

"Ke dai ki rufe bakinki wata ya ƙare. Kwana nawa ya rage? Idan ya fito ya fito. Daga baya ki gaya masa duk abin da kika ga dama, ki ce kwamfuta ta yi tuntuɓe."

"Inna..."

"Sa'adiya, ni nake wanke masa hannun nan da ruwan ɗumi. Ni nake jin ƙirjinsa. Ba sai wata na'urar Turawa ta gaya min ba. Shekara da shekaru ina magana bai ji ba, Allah ya kawo abin da ya ji, ke kuma za ki ɗauke? Don Allah ki rufa min asiri." Ta juyo kaina. "Ke ma Aina'u, ban ce ki ce komai ba."

Na ce to. Yaya Sa'a ta riƙe maganar kwanaki, tana fita da wuri, tana dawowa ta shige ɗaki. Idan Baffa ya kira ta likitan gida sai ta yi kamar tana neman wani abu a jaka.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya shigo da fara'a ya kira ta tsakar gida.

"Hoton nan naki, a buga min shi a takarda, mai kala. Na ba su Ɗayyabu labari, sun ce sai sun gani. Shi ma ya ce idan haka ne ba zai kai azumi ba zai koma gona. Akwai wasu biyu ma. Kuma 'yan ƙungiyar ma'aikata sun ce in kawo, za su shiga da shi ofis. Na ce musu 'yata ce ta yi, ba ji-ta-ji-ta ba ce."

Inna Uwani tana bakin rijiya, ta tsaya da guga a hannu. Yaya Sa'a ta durƙusa. Ta kalli mahaifiyarta sau ɗaya, sannan ta sunkuyar da kai.

"Baba, ba zan iya buga muku shi ba."

"Tawada ce babu?"

"Hoton ba daidai ba ne. Na yi kuskure."

Ta gaya masa duka, a hankali, ba ta sa sunan Abdulbaqi ba. Ta ce na'urar tana barin gurabe, manhaja ta cike su da zato, zaton ya hau kan na gaskiyar ya shafe shi, ita kuma ta ɗauki zaton ta kawo masa.

Baffa ya saurara yana murza gefen tabarma.

"To jan nan, babu shi ke nan?"

"Wataƙila akwai shi, Baba."

"Wataƙila."

"Wataƙila ma ya fi haka. Ni a zuciyata na yarda aikin ne. Ku dubi hannunku. Don Allah kada ku fasa."

"A zuciyarki." Bai ɗaga murya ba. "Uwarki ma a zuciyarta ta yarda, tun kina goye. Ba za a iya sake gwadawa ba?"

"Ina ta rubuta musu. Ba su amsa ba."

"Idan sun amsa fa?"

"Sai in sake daga farko. Zai iya fitowa ja, zai iya fitowa ba ja ba."

Inna Uwani ta ajiye gugan da ƙarfi. "Malam, yarinya ta ce maka wataƙila ya fi haka! Ba ka ji wannan ba? Sai wanda kake so ka ji?"

"Na ji duka, Uwani." Ya juya ga 'yarsa. "Kin kyauta da kika faɗa kafin in kai wa mutane. Da Ɗayyabu ya bar aiki da 'ya'ya bakwai a kan maganata fa? Ni ma shagon nan, kin san ba zai riƙe gida biyu ba. Ƙanina kunya ce ta sa ya ce in zo. Na yarda ne saboda na ga abu da idona. Yanzu kin ce abin da na gani ba a san ko shi ne ba."

"Baba, ku ba ni lokaci."

"Na ba ki. Duk ranar da kika samo na gaskiyar ki kawo, maganata tana nan. Kafin nan ina zan zauna?"

Ya tashi ya shiga ɗaki. Inna Uwani ba ta yi wa Yaya Sa'a magana ba har washegari, kuma da ta yi, cewa ta yi ta miƙo mata gishiri.

Ranar Asabar Baffa ya je ya sami foman ya janye maganarsa. Ya dawo ya ce mutumin dariya ya yi, wai bai ma kai maganar ofis ba don ya san ba inda za shi. A ranar Yaya Sa'a ba ta je makaranta ba. Ta shiga kasuwa ta yi ta yawo har ta samo safar roba mai kauri, doguwa har gwiwar hannu, saiti biyu.

Litinin da safe na fito zan tafi wajen aikina, na tarar da su a bakin titi inda motocin Challawa ke tsayawa. Ta biyo shi da ledar a hannu. Ya buɗe ya duba, ya gwada ɗaya a hannun dama, ya lanƙwasa yatsu.

"Wannan ai ta manya ce. Allah ya yi albarka." Ya cire ya mayar. "Saiti ɗaya zan ba Ɗayyabu, nasa hannun ya fi nawa lalacewa."

"Baba, duka naku ne. Idan ɗaya ta jiƙe ku canza."

"To, to. Na ji."

Mota ta tsaya, kwandasta yana kiran Panshekara, Challawa. Baffa ya shiga ya matsa ciki, wani ya zauna a gefensa ya tare shi. Ta taga ya leƙo ya ce mata, "Ki wuce mana, za ki makara."

Motar ta tashi. Yaya Sa'a ta ciro wayarta ta duba ko mutanen waje sun amsa, ta mayar cikin jaka. Muka tsallaka titi tare, ita ta yi hanyar kamfanin mai, ni na tsaya jiran adaidaita.